Haddace Amsa Ba Ilimi Ba Ne

'Yan'uwa, wani dattijon ikkilisiya ya tare ni a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, wai in yaro ya haddace amsa ya ci jarrabawa, shi ke nan. Ban yarda ba! Makarantun ikkilisiya na dā da nahawu suke farawa, sa'an nan mantiƙi, sa'an nan balaga: yaro ya san harshe, ya auna magana, kana ya buɗe baki. Agustin kansa, ɗan Afirka ne fa, balaga ya koyar a Kartaj kafin ya tuba. Maƙwabtanmu malaman Nima ba su yar da nahawu ba. Namu yaran kuwa suna rera Zabura, ka tambaye su ma'anarta, sai sunkuyar da kai.