Ranar Da Muka Mayar Da Kawu Ruwa

Yau teku za mu shiga. Idan kana zaune a Legas, ko hutu ya kai ka can, ina ba ka shawara ku haɗa kuɗi da 'yan'uwa, ku ɗauki shatar ƙaramin jirgin ruwa na yini guda, ku fita kamun kifi da yara da tsofaffin gida. Amma ka karanta zuwa ƙarshe kafin ka biya kuɗin shata.

Bara da rani muka yi tamu, saboda kawuna. Basarke ne, mutumin Yawuri, da fatsa da koma ya tashi a Kogin Kwara. Tun da matarsa ta rasu 'ya'yansa suka ɗauko shi zuwa Agege, ya zama daga ɗaki sai masallaci, abinci ma sai da lallashi. Likita ya auna shi, ya ce jikinsa ƙalau daidai shekarunsa, kaɗaici ne ke cin sa. Sai babban ɗansa ya ce mu mayar da shi ruwa.

Tun a bakin tasha aka fara rigima, Kawu ya ƙi sa rigar kariya. "Ni da na haye Kwara da iyo, yau yaro zai ɗaura mini wannan?" Matuƙin jirgin ya ce ba zai tayar da inji ba. Sai jikarsa 'yar shekara 9 ta ce, "Kaka, in ba ka sa ba, ni ma zan cire tawa." Ya harare ta, ya miƙa hannu aka sa masa. Muka bi ta mashigin manyan jirage, muka bar Tarkwa Bay a hannun dama, muka faɗa Tekun Atlantika.

Wannan riga ita ce sharaɗi na farko. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, LASWA, ta wajabta ta a kan kowane fasinja. Rigar babba ba ta yi wa yaro amfani. Ka ɗaure masa tasa, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama; in ta haye masa haɓa da kunnuwa, ta yi yawa, a canza. Ka tambayi adadin mutanen da jirgin ke ɗauka, ka tabbata akwai akwatin taimakon gaggawa da hanyar kiran agaji. Ka gaya wa wani a gida lokacin dawowarku, kuma ku fito kafin rana ta faɗi. Teku ya fi kwanciya da rani, wajen Nuwamba zuwa Maris. Da damina igiyar ruwa kan yi ƙarfi.

Na biyu, jiri da tashin zuciya. Ba mu yi awa guda ba ɗana ya fara amai. Dalilinsa, can cikin kunne akwai sashen da ke kula da daidaiton jiki; shi yana jin jirgi na lilo, ido kuma yana kallon abin da ba ya motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, da masu juna biyu. A ci abinci mara maiƙo kafin a tashi, a zauna tsakiyar jirgi, a fuskanci gaba, a riƙa kallon can inda ruwa ya haɗu da sama, a ajiye waya. Citta kan taimaka wa wasu. Akwai ƙwayoyin da ake sha kafin a shiga jirgi, amma suna sa barci, kada a ba yaro sai da izinin likita.

Na uku, rana da ƙishirwa. Iskar teku kan ruɗi mutum, ba ya jin zafi alhali jikinsa na bushewa. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, shan sa ƙara ƙishirwa yake yi. Ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zato, da malfa, da riga mai dogon hannu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganinsa da abincinsa.

Na huɗu, ƙugiya. In ta nutse a nama kada a fizge ta, ƙayarta za ta yaga wurin. A yanke zaren, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti, likita ya duba ko ana bukatar allurar tetanus.

Na biyar, ƙanƙara. Kifi irin su tuna da titus in suka jima a zafi sukan tara wani sinadari mai suna histamin, wanda dahuwa ko suya ba ta kashe shi. Wanda ya ci, cikin ɗan lokaci fuskarsa kan yi zafi, ga ƙaiƙayi da ciwon kai. Daga ƙugiya sai cikin kula mai ƙanƙara.

To, me muka samu? Kifaye shida, babbansu barakuda mai haƙora kamar zarto. Kawu ne ya ja ta, hannunsa na rawa, bakinsa na dariya. Daga nan magana ta ɓalle. Ya ba yara labarin giwar ruwan da suka kama da mahaifinsa, wadda sai da ƙarti biyu suka rataya ta a sanda. Ya nuna musu yadda ake ɗaure ƙugiya, ya ce kifin teku ƙarfi gare shi amma wayo sai na kogi. Can ya yi shiru, ya shafa rigar da ya ƙi sawa, ya ce yana da ƙane da ruwa ya ci suna samari, wata ranar kasuwa da iska ta kife musu kwale-kwale. "Ya fi ni iya ruwa," in ji shi. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya taɓa jin wannan labari. Muka yi masa addu'a a nan cikin jirgi.

Ban ce teku magani ba ne. Amma tun daga ranar Kawu ke fitowa tsakar gida, yara na kewaye shi, yana cin tuwonsa ba lallashi. Tsohon da ke gidanka, mai karatu, yana da abin da ya iya, yana da labarin da bai taɓa faɗa ba. In masunci ne kai shi ruwa, in manomi ne kai shi gona, ka tafi da yara su ji da kunnensu. Ka dai yi shiri, don kowa ya dawo gida lafiya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.