Jarin da Ba Ya Gangarowa Fadama

A shekarar 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda wasu samari biyu suka kafa a Legas, a kan dala fiye da miliyan 200. Tun daga ranar ake yi mana huɗuba cewa arzikin matashi yana cikin kwamfutarsa. A Oktoban 2022 Shugaba Buhari ya rattaba hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi asusun naira biliyan 10 a kowace shekara. Madalla. Sai dai a daminar wannan shekarar ce Kogin Haɗejiya ya cinye gonakin shinkafa daga Auyo har Kafin Hausa, manomi ya kwana da amfanin gona, ya wayi gari da tafki.

Wani abokin karatuna ya ƙirƙiri manhajar da za ta aika wa manoma saƙon murya da Hausa, cewa ruwa na tasowa, su girbe abin da ya nuna. Mai zuba jari daga Landan ba zai dube shi ba. Shi wanda zai ninka masa kuɗi cikin 'yan shekaru yake nema, kuma buhun shinkafar da aka ceto ba ya shiga lissafinsa.

Ban ga laifin baƙo ba, kasuwarsa yake ci. Da attajiranmu nake. Kakanninsu ne suka riƙa ba yaran gida jari su tafi Gwanja fataucin goro: in an ci riba a raba, in an faɗi a yi haƙuri a sake ɗaura kaya. Da irin wannan amana Alhassan Ɗantata ya baza wakilansa sayen gyaɗa. Abin da ake yi wa laƙabi da Turanci a yau ke nan, ga shi babu kuɗin ruwa a ciki, balle malam ya hana. To, me ya sa jikokinsu ba su san inda za su binne dukiya ba sai gidan mai da filaye a Dutse? Mutum zai gina shaguna ashirin, rabi a kulle, amma ya kasa taka ƙafa Jami'ar Sule Lamido, ga ta nan a bakin hanya, ya tambayi abin da ɗalibai ke ƙerawa.

Abokin nawa ya gwada banki. Aka ce ya kawo takardar fili. Yanzu yana ƙarƙashin rumfa a tasha, yana cire wa matafiya kuɗi da na'urar POS, manhajar kuwa tana cikin kwamfutar da batirinta ya mutu.