Ana kai balas kullum, amma wa ke duba tayar Adaidaita Sahu?

A Kano da Kaduna da Katsina da Maiduguri, babur mai ƙafa uku ya zama ƙafar talaka. Shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko 'yan kasuwa da kayansu, shi ake tsayarwa idan naƙuda ta taso wa mace. Sai dai a duk ayyukan da ake yi wa wannan abin hawa, babu wanda ake yi cikin gaggawa da ko-in-kula kamar sauya taya.

Direba zai tsaya a wurin mai faci da tayar da ya sayo, yana kallon fasinjoji suna wuce shi. A cikin 'yan mintoci an kwance wili, an cusa tif, an ɗura iska, an buga tayar da ƙarfe an ji ƙararta, an ce ta yi. Ba a auna iskar ba, ba a juya wilin an ga ko ya zauna daidai ba, balle a yi maganar daidaita nauyinsa. Haka za a loda mutum huɗu ko biyar a kama hanya.

Wannan sakaci ne da ya kamata a daina ɗauka a matsayin ƙaramin abu, kuma ba direba kaɗai ya kamata a ɗora wa laifinsa ba.

Abin hawan da ya yi yawa kafin a shirya masa

A Legas aka fara sanin waɗannan babura sosai, zamanin da Buba Marwa yake mulkin jihar daga 1996 zuwa 1999, shi ya sa ake ce musu Keke Marwa. Gwamnatin Obasanjo ta yaɗa su ta shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001. A Kano kuwa sun samo suna ne daga shirin Adaidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, inda aka kawo su domin ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, sai suka gaje titunan birnin baki ɗaya.

Tun daga lokacin an yi dokoki iri-iri a kansu: rajista, lamba, haraji, da hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare a 2022. Kusan dukkansu a kan kuɗin shiga ne ko tsaro. Lafiyar abin hawan kanta, musamman robar da ke tsakanin fasinja da kwalta, an bar ta a hannun direba da mai faci.

Me ya sa tayar keke ta fi ta mota haɗari?

Mota tana tsaye ne a kan ƙafa huɗu. Idan ɗaya ta fashe, ukun da suka rage sukan ba direba ɗan lokacin da zai lallaɓa ya tsaya. Adaidaita Sahu ba shi da wannan gatan. Tayar gaba guda ɗaya ce, kuma ita ce ke juya shi. Idan ta fashe ana cikin gudu, kan babur ɗin yakan ƙwace daga hannun direba. Idan ta baya ce, nauyi yakan rinjaya gefe guda, kuma abin hawa mai tsayin kai da ƙarancin faɗi ba ya buƙatar wani babban dalili kafin ya kife. Ga shi babu ƙofa, babu bel.

Sannan akwai batun girma. Yawancin waɗannan babura, irin su Bajaj RE da TVS King, suna amfani ne da taya mai lamba 4.00-8, wato wili mai faɗin inci 8. Irin wannan tayar tana juyawa kusan sau 770 a kowace kilomita, alhali ta ƙaramar mota mai wilin inci 15 ba ta wuce kimanin sau 500 ba. A gudun kilomita 50 a awa, tayar keke tana juyawa fiye da sau 10 a sakan guda. Duk wani aibi da ke jikinta, ko karkata, ko nauyin da ya fi yawa a gefe ɗaya, sau 10 yake dukan kwalta a kowane sakan, daga safe har dare.

Ƙara da zafin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a Kano, da ramukan hanya, da lodin da ya wuce na mutum 3 da aka tsara kujerar baya dominsu. Ƙaramar roba ce ke ɗauke da duk wannan.

Yadda aikin ya kamata ya kasance

Sa taya yadda ya dace ba wani ilimi ne mai zurfi ba. Abubuwa ne kaɗan, amma kowanne yana da dalili.

Na farko, a duba tayar kafin a biya kuɗi. A jikin yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera su. Idan aka ga 2319, ana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, ta sha nanata cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar ƙera ta. Tayar da ta daɗe a sito tana iya fitowa da zanenta raɗau, alhali robar ta bushe. Akwai kuma alamar ƙarfin tayar, kamar 4PR ko 6PR, kuma babur ɗin da ke yini da lodi bai kamata a rage masa ƙarfi ƙasa da abin da kamfani ya rubuta ba.

Na biyu, sabuwar taya tana son sabon tif, wato robar cikin da ke riƙe iska. Tsohon tif ya riga ya buɗe, idan aka cusa shi a sabuwar taya sai ya naɗe, kuma a wurin naɗin yake fashewa. Tif mai faci uku ko huɗu ba tattali ba ne, ajiyar masifa ce.

Na uku, wilin da yawa daga cikin waɗannan babura ɓari biyu ne da ake haɗawa da notina. Dole a sace iskar gaba ɗaya kafin a taɓa su, domin idan aka kwance da iska a ciki, ɓarin na iya tsalle ya ji wa mai facin rauni. Wajen haɗawa kuma a kula kada ƙarfen ya ciji tif. A kankare tsatsa, a sa ruwan sabulu a bakin tayar, ba baƙin mai ba, don mai yana cin roba. Idan akwai kibiya a jikin tayar, a bi inda ta nuna.

Na huɗu, iska da geji ake auna ta. Buga taya da sifana ko danna ta da yatsa ba awo ba ne. Littattafan kamfanonin sukan ba da adadi a kewayen 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI, ta baya ta ɗan fi ta gaba, kuma da safe ake aunawa kafin tayar ta yi zafi. Idan iska ta yi kaɗan, tayar tana lanƙwashewa, ta yi zafi, ta ci gefe, ta kuma ƙara shan mai. Idan ta yi yawa, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, birki ya rage kamawa.

Na biyar, tayoyin baya biyu su zama iri ɗaya, masu shekaru ɗaya. Sabuwa a dama, suɗaɗɗiya a hagu, shi ke sa babur ya ja gefe idan an taka birki, musamman a damina.

To, balansin fa?

A nan ne masu sana'ar za su yi dariya. Za su ce balansin na masu motoci ne da ke gudun kilomita 120 a hanyar Abuja, ba na keken da ke rarrafe a cunkoson Bata ko Kurna ba. Akwai ƙanshin gaskiya a maganarsu. Rashin daidaiton nauyi ya fi bayyana idan gudu ya yi yawa, kuma idan za a jera ayyukan bisa muhimmanci, iska da zaman taya a wili sun riga shi. Ƙari a kan haka, na'urorin balansin da yawa da ke garejojin motoci ba a yi su domin wili ƙarami haka ba.

Amma Adaidaita Sahu ba a cunkoso kaɗai yake aiki ba. Yana bin manyan tituna, yana fita garuruwan da ke kewayen birni, inda direba ke sakar masa wuta. A nan ne kan babur ke fara karkarwa, hannun direba ya mutu, tayar ta riƙa cinyewa tabo-tabo, boris da notina su riƙa saki. Direba zai yi ta kai kuɗi wurin bakanike, alhali ciwon a taya yake.

Maganin kuma ba ya buƙatar na'ura mai kwamfuta. Masu gyaran babura a duniya sun daɗe suna amfani da hanya mai sauƙi: a ɗora wilin a kan sandar ƙarfe mai boris, a bar shi ya juya da kansa. Gefen da ya fi nauyi zai sauko ƙasa. Sai a manna 'yar darma a ɗaya gefen, a maimaita har wilin ya riƙa tsayawa a duk inda aka bar shi. Mai walda na unguwa zai iya ƙera wannan abin. Wannan juyawar ma ita ce za ta tona asirin wilin da rami ya lanƙwasa, wanda babu darmar da za ta gyara shi, sai dai a miƙe shi ko a sauya.

Inda gizo ke saƙar

Ba jahilci ne ke hana direbobi yin wannan ba. Lissafi ne. Da yawansu ba su ne masu baburan ba. Ko dai suna kai balas kullum ga mai shi, ko kuma sun karɓa ne a kan za su riƙa biya kaɗan-kaɗan har su mallaka. Kafin direba ya ga abin cefane, sai ya cire kuɗin mai, ya cire balas, ya cire na tikiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, komai ya ninka.

Taya kuwa kusan duk daga waje take zuwa. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Legas a 2008. Duk lokacin da Dala ta tashi, taya ma ta tashi. Shi ya sa direba ke ja da suɗaɗɗiyar taya har zare ya fito, ko ya nufi Ƙofar Ruwa ya nemi mafi araha. Dokar kwastam ta haramta shigo da tayoyin gwanjo, amma kowa ya san ana sayar da su a fili.

A irin wannan hali, mai babur ɗin da ke karɓar balas kullum ba zai wanke hannunsa ba. Dukiyarsa ce ke yawo a titi, rayukan bayin Allah ne a cikinta. Wanda ya ci ribar abu, shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin lafiyarsa.

Shi ma mai faci ba abokin gaba ba ne. Yana yini a rana a bakin titi, da injin iska da kwanon ruwa, yana yin abin da maigidansa ya koya masa. Idan babu wanda ya taɓa tambayarsa adadin iskar da ya sa, me zai sa ya sayi geji mai kyau? Da yawa suna da shi, amma ya daɗe da daina faɗin gaskiya.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ƙungiyoyin direbobin Adaidaita Sahu suna karɓar kuɗi daga mambobinsu a kai a kai. Ajiye geji mai kyau a kowace tasha, da ware mai faci ɗaya ko biyu da aka koya wa aikin, ba zai gagare su ba. Za su iya haɗa kai su sayo tayoyi da yawa daga dillalan da aka amince da su, mambobi su biya a hankali.

Masu ba da babura haya su rubuta a yarjejeniya wa zai sayi taya, da kuma lokacin da za a sauya ta. Idan an cire ɗan wani abu daga balas ana tarawa domin taya, rigimar ta ƙare.

KAROTA da FRSC su sa duba taya a cikin sharuɗɗan sabunta takardu, a yi shi a ofis cikin natsuwa, ba a tsakiyar titi ana finciko makulli ba. Idan aka mayar da batun wata sabuwar ƙofar tara, direbobi za su koyi gudun jami'ai ne kawai, tayoyin kuma su ci gaba da suɗewa. Hukumar SON ta riƙa leƙa kasuwannin da ake sayar da ƙananan tayoyi, ba na manyan motoci kaɗai ba. Cibiyoyin koyar da sana'a na jihohi kuma su tuna cewa faci ma sana'a ce da ke buƙatar horo.

Fasinja ma yana da nasa. Kallo ɗaya ya isa a gane tayar da ta suɗe ko ta kumbura a gefe. Uwar da za ta ɗora 'ya'yanta uku a keke zuwa makaranta tana da haƙƙin ta ce wa direba, "Malam, wannan tayar taka fa?" Idan masu tambaya suka yi yawa, masu gyara za su yi yawa.

A watan Maris na 2016, fashewar taya a hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi ajalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa, ƙasar ta ɗauki makonni tana maganar taya. Idan keke ya kife a unguwa, labarin ba ya wuce bakin layi, amma karayar ƙashi ɗaya ce, maraicin ma ɗaya ne. Ajali na Allah ne, sai dai an umarci bawa ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali. A wannan sana'ar, ɗaurin bai wuce sabon tif, da geji mai gaskiya, da minti 15 na haƙuri a wurin mai faci ba.