Wutar Daji da Burtali

Da zarar kaka ta wuce, hunturu ya fara busowa, wanda ya tsaya bayan garin Tafoki da dare yakan hango gefen sama ya yi ja. Wutar daji ke nan. Haka abin yake a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Wutar nan fa ba ita ke kunna kanta ba, mutum ke kunna ta, kowane mai kunnawa kuwa da hujjarsa.

Maharbi ya ce sai da wuta gafiya da zomo ke fitowa. Manomi ya ce sassabe yake yi, toka kuwa taki ce. Makiyayi ya ce in busasshiyar ciyawa ta ƙone, sabon toho ke fitowa shanu su ci. Maganar makiyayi tana da ƙarfi, gama toho yakan fito, ko da yake ba ya daɗewa. Ta manomi da sauƙi-sauƙi, domin iskar hunturu takan kwashe tokar tun ba a yi ruwan fari ba. Amma ta maharbi ba ta kamo hankali ko kaɗan. Ina ribar gafiya biyar, in an rasa damin dawa ɗari da ke jibge a gona?

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambaya ba, watau iyayenmu mata. Kaɗanya da ɗorawa da rani suke fure. In wuta ta bi ta ƙarƙashinsu a lokacin nan sai furen ya babbake, shekarar nan man kaɗe da daddawa su yi tsada. Gamba ma ta tafi, babu abin saƙa zana.

Ni dai ban ce a hana wuta ɗungum ba. Malaman daji sun daɗe da sanin cewa wuta iri biyu ce. Ta watan Nuwamba, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka, ƙasa-ƙasa take ci, raɓa ta sauko ta mutu. Ta Janairu da Fabrairu kuwa, ciyawa ta bushe ƙayau, iska na kaɗa ta, har kan itatuwa take hawa. Saboda haka wanda ƙuna ta zame masa tilas, ya yi ta da wuri. Ya sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona, ya share kewaye, ya jira yamma iska ta kwanta, kada kuwa ya bar wurin sai ta mutu murus.

To, sai maganar burtali. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya domin dabbobi, burtali kuwa shi ne hanyar da shanu ke bi zuwa kiwo da mashaya. Ga wani amfaninsa da mutane kan manta: kofato ya tattake ciyawarsa, in wuta ta iso, muddin yana da faɗi, sai ta rasa abin ci ta tsaya. Manomin da ke ƙara kunya ɗaya daga cikin burtali kowace damina, har ya mai da shi siririyar hanya, ya jawo wa kansa ɓarnar shanu da damina, ya kuma buɗe wa wuta ƙofa da rani.

Ku ma yara kuna da naku. In kun gasa rogo ko gyaɗa a bakin hanya, ku rufe garwashin da ƙasa, ku tattake. Wasa da ashana a cikin ciyawa kuwa, ko kusa. In wuta ta rutsa da ku, kada ku yi tsere da ita a cikin dogayen ciyawa, gama da iska ta fi ku gudu. Ku nufi burtali ko gonar da aka share, sa'an nan ku sheƙa gari ku gaya wa manya, su fito da ɗanyun rassan itace su kashe ta.