Fuskokinmu Na Rumbun Gwamnati, Masu Zanenmu Na Zanen Dawaki

Tarin hotunan Hausawa mafi girma da aka taɓa haɗawa yana hannun Hukumar Katin Ɗan Ƙasa, wato NIMC. 'Yan Najeriya fiye da miliyan 100 sun yi rajistar NIN, kuma Kano ce ke bin Legas a yawan masu rajista. Tun da aka ba da umarnin haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020, manomin Toranke a ƙaramar hukumar Ajingi da mai ƙosai a Gaya suka bi layi, suka tsaya gaban kyamara, suka dangwala yatsu goma. Banki ya riga ya karɓi nasa tun zuwan BVN a 2014, na'urar BVAS kuma ta sake tantance su ranar zaɓen 2023. Babu wanda ya nuna musu inda hoton ya tafi, balle wanda ke riƙe da mabuɗin rumbun. Ƙorafina a yau yana kan masu zane da masu ɗaukar hoto na Arewa, waɗanda gani da nunawa ne sana'arsu, amma suka kawar da kai daga wannan lamari.

A wasu ƙasashe masu wannan sana'a sun yi aikinsu. A Satumbar 2019 Kate Crawford da Trevor Paglen suka buɗe baje koli mai suna Training Humans a cibiyar Fondazione Prada da ke Milan ta Italiya. Abin da suka rataye a bango shi ne hotunan mutanen da aka yi amfani da su wajen koya wa kwamfuta gane fuska, akasari ba da sanin masu su ba. Sun kuma saki wata manhaja da ke ba mutum damar tura hotonsa ya ga laƙabin da na'ura za ta ba shi bisa abin da ta koya daga rumbun ImageNet. Laƙabin ya fito da zagi da wariyar launin fata. A cikin kwanakin nan masu kula da rumbun suka sanar da cire hotuna kusan dubu 600. Gani ya kori ji.

Yanzu leƙa baje kolin zane a Kano ko Kaduna ko Abuja. Abin da galibi za ka tarar shi ne hawan Sallah, da Bafulatana da ƙwaryar nono, da ƙofar gari, da marinar Ƙofar Mata. Hannun ya gwanance, ba a musu, sai dai hoto ne da aka yi domin bangon otal da falon baƙo. Abin kunyar shi ne a nan Zariya, a 1958, Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar da ta ƙi zana wa Bature abin da yake son gani. Magadansu kuwa sun koma zana wa mai saye abin da ba zai ɓata masa rai ba.

Za a ce mutumin da ke fama da tsadar taki ina ruwansa da wanda ke kallon hotonsa. Ai shi ne ma ruwansa ya fi yawa. Shi ne aka rufe wa layi da sunansa ya saɓa tsakanin takarda da takarda, kuma shi ne ba shi da lauya. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa, har da NIN da BVN, a kan naira 100. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 tana nan da Turancin lauyoyi, ba ta iso Toranke da harshen da ake ciniki da shi ba.

Za a kuma ce tsaro ne ya sa. To, a 2010 aka ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 domin tsarin tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas, suka zama kwalliyar turaku, har Majalisar Wakilai ta binciki lamarin. An haɗa layuka da NIN, amma masu garkuwa da mutane ba su daina neman kuɗin fansa ta waya ba. Idon da ke ganin talaka tar, ya makance a kan ɗan bindiga, ya cancanci a zana shi.

Uzurin rashin kayan aiki ma ba ya tsayawa. Osinachi, ɗan Aba, da manhajar Microsoft Word yake zanensa, kuma a 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da aikinsa a Landan.

Kuma ba sai mun aro tunani daga Milan ba. Bahaushe ya daɗe da sanin darajar sirri, har ya gina ta da laka. Zaure an yi shi ne domin ido ya tsaya a nan, ƙofofinsa ba sa kallon juna, baƙo ba ya wucewa sai da sallama. Babbar addu'armu ita ce Allah ya rufa asiri. Kakanninmu sun san abin da ƙidaya ke jawowa, shi ya sa ake kora shanu daji idan masu jangali sun doso. Mai fasahar da ya rasa abin yi da zaure da kyamara da jangali da zanen yatsa, ba kayan aiki ya rasa ba.

Saboda haka ga buƙata. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su ware wuri da kuɗi domin irin wannan aiki. A yi bayaninsa da Hausa. Duk fuskar da za a nuna, a nemi iznin mai ita, kada mai zane ya maimaita laifin da yake suka. Sannan kada a tsaya a birni: a ɗora kayan a mota, a kai su Gaya da Toranke ranar kasuwa, inda masu fuskokin suke. Ku kuma masu albashi da ke sayen zane domin ofis da falo, ku ne kasuwar. Ranar da kuka fara tambayar wani abu bayan doki, ranar masu zane za su fara kawo shi.