Jadawalin Billboard Bai San Hanyar Dogon Daji Ba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan makon shi ne zancen da samarinmu suka ɗauko suna yayatawa, wai duk waƙar da ba ta hau jadawalin tashe ba ba ta kai ba, saboda haka mawaƙin Hausa ɗan ƙauye ne kawai. To mu leƙa jadawalin da suke tinƙaho da shi. A 2018 wani yaro Ba'amurke, Lil Nas X, ya sayi kiɗa a intanet kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan, ya ɗora masa gambara da zancen doki, ya sa mata suna Old Town Road. A 2019 mujallar Billboard ta cire ta daga jerin waƙoƙin kantiri, wato na makiyaya da manoman karkarar Amurka, wai ba ta cika kantiri ba. Duk da haka sai da ta yi mako 19 a saman babban jadawalin ƙasar. A 2024 Shaboozey, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kamo wannan adadi da irin wannan haɗin. Muryar birni ce aka zuba kan kiɗan ƙauye, duniya kuma ta saya. Shi kansa banjo, wanda kantiri ya daɗe yana jingina da shi, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da duma da fata da tsirkiya, ɗan'uwan gurmi da molo.

Yanzu a faɗa mini wanne ne ba mu da shi tsakanin Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe. Gangar noma da ke sa ƙato ya manta da zafin rana a gayya, ita ce kantirinmu tun kaka da kakanni, kuma daga kiɗan noma Narambaɗa ya taso kafin ya shiga fada. Kirari da zambo da habaici, waɗanda su ne jijiyar gambara, Ɗan Anace ya gama da su a kan ɗan dambe Shago tun kafin a haifi waɗannan yaran. Amma ɗanmu zai shiga situdiyo ya murɗe harshe yana kwaikwayon mutanen Atalanta, bai iya jero kirarin ɗan dambe ko guda ɗaya ba, kuma ya raina makaɗin da ke bayan gidansu. Wannan lalaci ne da rashin kishi, kuma mu manya da muka bar makaɗan noma suna tsufa ba mai ɗaukar muryarsu muna da namu kason laifin.

Sai batun ƙidaya. Billboard tana lissafa abin da aka saya, da abin da rediyo ta sa, da abin da aka saurara ta intanet, kuma jadawalin TurnTable da aka fara a Najeriya a 2020 kusan hanyar ya bi. A Dogon Daji kuwa waƙa a rumfar mai cajin waya take sauka. Shi zai sauke ta sau ɗaya, ya tura wa ɗan kabu-kabu a memori, wannan ya tura wa mai shayi ta Xender, kafin mako ta cika gidan biki da tasha da gona, alhali na'urar ƙidaya mutum ɗaya ta gani. Ko lokacin da Jaruma ta Hamisu Breaker ta game Arewa a 2020, kunnen da ya ji ta ta wannan hanya ba inda aka rubuta shi. Za a ce jadawali ne ke kawo kuɗi da kiran wasa a ƙasashen waje, kuma gaskiya ne, turin nan na cutar mawaƙi ƙwarai. Sai dai wannan kukan haƙƙi ne, a gaban hukumar kare haƙƙin mallaka da kamfanonin sadarwa ya kamata a kai shi. Bai ba kowa dalilin cewa waƙar ba ta kai ba, tunda mai ƙidayar ne bai taɓa zuwa rumfar mai caji ba.