Gwajin manhaja: in ya yi wuya, ba mai yin shi

Magini na ƙwarai yakan duba bulo ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗora gini. Haka ya kamata mai rubuta manhajar kwamfuta ya yi: kowane ɗan yanki da ya rubuta, ya gwada shi shi kaɗai, ya ga ko yana ba da amsar da ake jira. Akwai kayan aiki da aka ƙera don wannan gwaji, kuma a ganina abin da ya fi muhimmanci gare su shi ne sauƙin aiki.

Dalili kuwa, ɗan Adam ba ya son wahala. In rubuta gwaji ya fi rubuta manhajar kanta cin lokaci, ga mai aiki yana matsawa, to sai a ce gobe, goben nan kuwa ba ta zuwa. Kent Beck da Erich Gamma sun gane haka lokacin da suka rubuta JUnit a shekarar 1997. Ka danna sau ɗaya, in kore ya fito komai lafiya, in ja ne akwai gyara. A yaren Python ma, pytest ya samu karɓuwa saboda kalma ɗaya, assert, ta isa a rubuta gwaji, alhali unittest yana buƙatar ƙarin layuka kafin a kai ga abin da ake son aunawa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, kore ba ya nufin babu kuskure. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8 da rabi masu aiki da Windows, jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Manhajar tana neman bayanai 21, aka ba ta 20, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su taɓa wannan gurbi ba.

Saboda haka ina kira ga matasanmu masu koyon wannan sana'a: ku zaɓi kayan gwajin da ba za ku gaji da su ba, sannan lokacin da kuka rage ku kashe shi wajen tambayoyi masu wuya. In manhajar tura kuɗi ce, me za ta yi idan aka rubuta sifili? Idan layi ya katse ana tsakiyar turawa fa? Guminsa ne talaka ya damƙa muku, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu dace.